Na'ura uku, tanda ɗaya, kuma Buba ya tafi

Zuwa ga Alhaji mai shagon na'urorin gano ƙarfe, wanda ba zan kama sunansa ba saboda mutunci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne manomin albasar nan na Lahodu da ka ba aron na'ura uku ranar kasuwar Goronyo, ka ce in gwada in zaɓi wadda ta yi mini. Na buga wayarka har na gaji ba ka ɗauka, shi ya sa na fito fili.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: mu 'yan fadama, in rani ya ƙare, muna rufe bakin bututun rijiya da gwangwani mu turbuɗe shi, kada ambaliya ta cika shi da laka. Bana ruwa ya tafi da kututturen da nake shaida da shi, rijiya ta ɓace mini a cikin gonata. Abin da ya kai ni wurinka ke nan. Ga yadda gwajin ya kasance.

Na ɗaya. Ni ba na sayen kaya da ka, don haka na ce sai na binne ƙarfe na ga zurfin da kowace ke kaiwa. Ka rantse mini babbar tana jin ƙarfe har kamu shida. Na duba gidan nan kaf, ban ga ƙarfe mai faɗi kamar tandar masar mai ɗakina Saratu ba. Ta gaje ta wurin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, kuma da ita take soya masar da rabin unguwarmu ke karyawa. Na ɗauka tana gidan suna, da niyyar in mayar kafin la'asar.

Na biyu. Don kada in cuci kaina a gwajin, bai kamata in san inda aka binne ba. Sai na roƙi Buba, wani makiyayi da shanunsa ke kiwo a gefen gonar, ya binne ta kamu uku, rabin abin da ka faɗa, ya shafe wurin, ni kuwa in tafi gida in ci abinci. Buba mutum ne mai amana. Ya shafe wurin har shanu ya kora a kai. Da na dawo, an ce sun ɗaga zuwa kudu neman ciyawa, sai damina in Allah ya kai mu. Ba shi da waya.

Na uku, ƙaramar na'urar, mai ruwan ɗorawa. Wannan iyakarta taƙi ɗaya, amma bakinta ba ya rufuwa. Ta tono mini marfin kwalba, ƙusa, tsohon lauje, da cokalin da na zargi maƙwabcina da shi shekara biyu. Na je na ba shi haƙuri.

Na huɗu, ta tsakiya mai abin sawa a kunne. Tana kai kamu ɗaya in ƙasa ta bushe. In da danshi, sai ta riƙa kuka ko'ina kamar an taka wutsiyar kyanwa. Alhaji, fadama ce. Ina aka taɓa ganin fadama babu danshi?

Na biyar, babbar mai allo, ta kamu shida. Kwana huɗu ina yawo da ita tana shiru. Rana ɗaya kawai ta yi magana, lokacin da Yaya Sani ya zo taya ni, domin an sa masa ƙarfe a cinya bayan haɗarin babur. Duk inda ya tsaya sai ta ɗauki ƙara, allo ya nuna kamu biyar. Rami uku muka haƙa kafin mu gane. Yanzu yayana ya yi fushi, wai na'ura ta riga ta binne shi.

Ita kuwa rijiyar da ta jawo duk wannan, fartanya ce ta gano ta, ina haƙan neman tanda. Taƙi ɗaya da rabi take, kuma dukan na'urorinka sun bi ta kanta ba ko sallama.

Alhaji, mutanen unguwa sun daina amsa gaisuwata yadda suka saba, wannan na iya jurewa. Ranar farko Saratu ta tambaye ni abu ɗaya tak: “Mi tanda ta yi maka?” Har yau hannunta kan manta ya jiƙa shinkafa da yamma, da safe sai ta zuba wa kaji. Na sayo mata sabuwa, ta yi godiya, ta rataye a bango.

Irin albasata ya isa dashe. In na dasa na saki ruwa, babu sauran haƙa sai bayan an cire albasa, daga nan kuma ambaliya ta ƙara wata laka a kai. Jiya Saratu ta ce in dasa abina, kada mu rasa biyu. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka zo da kanka da na'urar da ka fi yarda da ita kafin Juma'a, ka zo da tufafin da ba ka so. Ka goge kamu shidan nan daga bakinka, ko ka riƙa gaya wa mutane cewa a cinya take aunawa. Duk kuma wanda ya karanta wannan ya haɗu da Buba, dogo mai jar saniya gundumemiya, ya tambaye shi: daga tsamiyar bakin gonata zuwa inda ya binne tandar taku nawa, ta wane gefe?

Ban dasa ba, kuma ba zan dasa ba sai na ji fartanyata ta bugi ƙarfen nan.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare ka da iyalinka, kada ya nuna maka ranar da za ka nemi abin da kake ƙauna da na'urarka.

Wassalam.

Garba mai albasa,
Lahodu.