Kashin Tana a Bayan Garke

Talata, 4 ga watan Ashar, farkon damina
Na sake ɗanɗana ƙasar lambu. Gishiri har yanzu. Tun da madatsar bakin teku ta karye ruwan teku ya kwana mana a gida, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Tuhin, ɗana tilo, ya ce in damina ta wuce a haka zai bi kawunsa Dhaka aikin gini. Na ce ƙasar za ta farfaɗo. Ya ce, "Ma, ko tana babu a cikinta. Gawa kike jinya."

Juma'a, 14 ga Ashar
Na je ƙauyen yayata a kan tudu, na dawo da tukunya cike da tana a ƙarƙashin mayafi. Na juye su tsakiyar lambu, babu wanda ya gani.

Asabar, 15 ga Ashar
Duk sun fito sama sun mutu, sun miƙe kamar zare. Caci Moriyom, maƙwabciyata, ta leƙo ta kan shinge: "Jobeda, baƙi kika gayyato kika yi musu miyar gishiri zalla?" Tuhin har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 9 ga Sirabon
Ruwan sama, ruwan sama. Ba na iya cin abinci.

Lahadi, 20 ga Sirabon
Ya Allah! A bayan garke, inda nake watsa kashin saniya da ruwan shinkafa, wurin da ko kallo ba na yi. 'Yan tsibi-tsibi na ƙasa, a murɗe kamar taliya, baƙi wuluk, suna sheƙi. Kashin tana! Na murza ɗaya, laushi kamar lalle. Na sa a harshe, babu gishiri.
Wa ya kawo su? Ba ni ba. Ashe suna can ƙasa duk wannan lokaci, ƙarƙashin gishirin, suna jira? Abu ba ido, ba hannu, ba ƙashi. Na durƙusa a wurin har shinkafata ta ƙone. Baƙaƙen da na koya a ajin matan aure ba su isa rubuta wannan ba.

Litinin, 21 ga Sirabon
Sababbi sun tashi kusa da na jiya, ba motsi ba ƙara. Na kira Tuhin. Ya daɗe a tsugune. Sai ya ce, "Ma, don Allah kada ki tona." Ashe fartanya na hannuna. Na ajiye.

Alhamis, 14 ga Badro
Tanar sun kai gindin gwandarmu da ta bushe. A hankali suke tafe, kullum kamar taƙi. Caci ta ce sai damina biyu kafin su gama lambun. Tuhin ya shuka jan alayyafo iyakar inda suka kai, ya wanke hannu, ya ce, "Damina biyu ba zan zauna ina gadin tsutsa ba, Ma. Amma ba zan tafi ba sai kin yarda."
Na ce, "Babana, jeka ka ɗaure saniya."

Asabar, 16 ga Badro
Ban ce masa na yarda ba. Na dai soya shinkafa na daka, irin wadda ba ta lalacewa a hanya. Da yawa na daka.