Kada Ki Naɗe Hannun Riga

Assalamu alaikum Autata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Babanku? Ki gaishe min da Goggonku da duk yaran gida.

Ni a nan ƙasar waje lafiya lau, alhamdu lillahi. Hannuwana ne kawai ke ɗan tsattsagewa saboda sabulu, amma bai kai a faɗa wa Babanku ba.

Saƙonki ya iso, cewa gwamnatinmu ma za ta fara fitar da iskar haidirojin, makamashin nan mai saurin kama wuta, daga ruwa ta amfani da wutar sola, har an ɗauke ki cikin waɗanda za a koya wa aikin. Kin ce sai na yarda. Shirun da na yi na tsoro ne, ba fushi ba.

Kin san kayan ma'aikatan irin wannan masana'anta nake wankewa. Kwanan baya aka kawo min wata rigar aiki, hannunta a babbake. Na kasa cin abinci, sai da mai ita ya leƙo ɗakin wanki da ƙafarsa, yana dariya. Ya ce, "Mama, wutar iskar nan ido ba ya ganinta da rana. Bayan Allah, rigar nan ce ta tare min."

Ba zan ce miki babu haɗari ba, kada in ɗauki alhakinki. Amma na yi istihara, zuciyata ta kwanta. Ki je, Allah ya yi miki albarka.

Sai dai tun kina ƙarama na san ki da naɗe hannun riga in zafi ya dame ki. Auta, don Allah, a can kada ki naɗe.

Mamanki