Katakon ɗakin Inna

Ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya sanyin Turai? Nan Gazawa lafiya lau.

An shimfiɗa katakon da ka aiko a ɗakin Inna, leda da soso a ƙasa, ba ƙusa ko ɗaya. Ɗaki ya koma kamar ofis. Kafinta ya ce kada ruwa ya taɓa shi. Ka manta Inna ba ta shara sai ta yayyafa ruwa. Na hana ta, ta ce, "Kai za ka koya mini shara?"

Yanzu katakon ya kumbura a bakin ƙofa, kuma idon Inna ya yi rauni. Jiya ta yi tuntuɓe, bango ya tare ta. Gobe ban san me zai tare ta ba.

Ka kira ta, maganarka take ji. A sa mu a addu'a, a gaida Hadiza.

Yayanka,
Isufu