Na Sha Ruwan Rijiyarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Inna, wadda ke kwance a bayan Ƙofar Gayan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, tare da durƙuso da ban girma, ina fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi da yalwa a makwancinki. Mutanen gida duk lafiya, sai kewarki da ba ta raguwa.

Na san ba kya son a fitar da zancen gida waje, ga shi na rubuta wannan a inda jama'a za su gani. Ki gafarce ni. Kaina ne ya ɗaure, kuma wadda na saba kai wa ɗaurarren kai ke ce.

Zancen rijiyarki ne. Bayan rasuwarki, ƙaninki Kawu Sani ya tara mu ya ce a haƙa rijiya a ƙofar gida, ta zama miki sadaka mai gudana. Shi ya tsaya a kan masu haƙa da ciwon gwiwarsa har ruwa ya fito, kuma ranar ya yi kuka a gaban mutane bai ɓoye ba. Yanzu rabin unguwa nan suke ɗiba. Duk wanda ya ja guga sai ya ce Allah Ya kai ladan kabarin Hajiya. In na zo gida nakan daɗe a zaure don kawai in ji ana faɗa.

Aikina kuwa kin san shi, ko da yake ba ki taɓa ɗaukarsa aiki ba. In baƙi suka tambaye ki ina nake, sai ki ce: "Tana can jami'a tana leƙen ruwa a kwalba, wai akwai abin da ta ɓatar a ciki." To da daminar bana na bi rijiyoyin cikin gari ina ɗibar ruwa don bincike, na haɗa da taki. Alfahari ne ya sa na haɗa, so nake in ga ta fi kowace kyau.

Ba haka ta fito ba, Inna. Akwai ƙwayoyin cuta a ruwan, irin waɗanda ke fitowa daga bayan gida. Na ce ko hannuna ne, na sake ɗiba na sake gwadawa, abin bai canza ba. Ramin masai na gidan da ke bayanmu ya yi kusa da ita, in ƙasa ta jiƙe sai ya riƙa tsattsafowa. Ga kuma 'yar Maryama maƙwabciyarmu, wadda aka yaye kwanan baya, gudawa ta ƙi barinta. Ba zan rantse cewa rijiyar ce ba. Ba zan kuma rantse cewa ba ita ba ce.

Rubuta wannan don mujallar masana bai ba ni wahala ba. A can ba a cewa "na gano", sai "an lura". Ba a cewa abu ya tabbata, sai "akwai alamun da ke nuna yiwuwar". Tun ina ɗaliba na ji daɗin wannan harshe, don ya yi kama da tarbiyyarki: kada ka yabi kanka, kada ka cika baki, ka bar wa gobe ƙofa. Har nakan ce a raina ashe Turawa ma sun san kunya.

Sai aka tura mu wata bita ta koyon rubutu da isar da sakamakon bincike ga jama'a. Mai koyarwar wata farfesa ce 'yar Wusasa, dattijuwa mai fara'a da kaifin baki. Ta ɗauki sakin layi ɗaya daga rubutuna, ba ta faɗi mai shi ba, ta karanta da ƙarfi, sannan ta tambayi ɗakin me marubucin ke so mutane su yi. Ba wanda ya sani. Ni da na rubuta ma sai da na sake dubawa ina nema. Abin da ta yi ta nanatawa shi ne: "Ku fara da abin da kuka gano. In ba za ki iya faɗa wa kakarki a numfashi ɗaya ba, to ke ma ba ki gama ganewa ba."

Na yarda da ita a cikin ɗakin. Ina fitowa sai na tuna akuyar gidan Malam Iro.

Kin tuna lokacin da ta cinye miki zogale, kika aike ni in yi magana? Na je na tsaya a tsakar gidansu na ce akuyarku ɓarauniya ce, ku ɗaure ta. Na dawo kika murɗe mini kunne har ya yi zafi. Kika yafa mayafi kika tafi da kanki, ina biye. Kika gaishe su, kika tambayi masu jiki, kika yaba yadda akuyar ta yi ƙiba, kika ce da alama tana samun ganye mai kyau. Kafin la'asar an ɗaure ta, har da aiko miki da ƙwai. A hanya kika ce mini: "Magana fura ce, sai an dama ake sha. Wanda ya ba mutum gaya ya shaƙe shi."

Da wannan na tafi wurin Kawu. Na ce shi babba ne, kuma rijiyar nan ita ce abin da ya rage masa na yayarsa, bari in dama masa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi gwiwa, na tambayi gona, na yaba yadda jama'a ke amfana da rijiya. Sannan na ce ruwan rijiya da damina yana son a ɗan ƙara kula da shi. Ya ce gaskiya ne, Allah Ya yi mini albarka da na tuna. Ina cikin neman hanyar da zan ƙara matsawa, sai ya sa aka jawo ruwa sabo daga rijiyar, aka zuba a kofin silba. Ya karɓa da hannunsa ya miƙo mini, ya ce: "Sha, ruwan uwarki ne."

Matan gida suna zaune. Maryama ma ta shigo aron turmi, tana tsaye da 'yar a bayanta.

Na sha, Inna. Na shanye har ƙasa, na ce alhamdu lillahi. Ni da na ga abin da ke cikin ruwan da idona. Har yanzu in na tambayi kaina dalili, amsa ɗaya nake samu: hannun Kawu ne a miƙe, kuma ba ki taɓa koya mini yadda ake barin hannun babba a miƙe ba.

Bayan kwana biyu Kawu ya kawo magini ya shafe bakin rijiyar da siminti, ya sayi sabon guga, ya sa aka yi wa murfin fenti kore. Ya aiko a gaya mini an kula kamar yadda na ce. Rijiyar ta yi kyau ƙwarai, masu ɗiba ma sun ƙaru.

Da na ga haka sai na ce to bari in gwada ta Farfesa. Na rubuta a zauren 'yan gida na waya, layi ɗaya ba gaisuwa: ruwan rijiyar Inna yana da ƙwayoyin cuta na bayan gida, a daina sha sai an tafasa. Na karanta na ga babu inda mutum zai ɓata. Numfashi ɗaya ne cif.

Ba wanda ya amsa. Can sai Yaya Habibu ya kira ni, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce boko ya kai ni inda zan haɗa sunanki da masai a layi ɗaya, a gaban surukai da jikoki. Ya ce in da gaske nake, me ya sa na sha a gaban Kawu? Liman kuma da aka kai masa zancen ya ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne. Gaskiya ya faɗa, a kan alwala yake magana. Ni kuma a kan cikin yaro nake magana, amma wa zai tsaya ya raba?

Kawu bai kira ni ba. Abin da aka ce ya faɗa kawai shi ne: "Ashe ƙazanta muka haƙa wa yayata." Wannan ta fi faɗan Yaya Habibu yi mini ciwo, don na san ba da fushi ya faɗa ba.

Yanzu ga ni da baki uku, kowanne ya ba ni kunya. Na rubuta irin ta masana, ba wanda ya gane. Na dama irin taki, aka yi wa murfi fenti. Na faɗa gaya irin ta bita, aka shaƙe. Shin ban iya damun ba ne? Ko akuya daban, rijiya daban? Ke da kika yaba ƙibar akuya aka gane ki, ni me ya sa da na yaba rijiya aka ɗauka yabon ne? Nakan ce wataƙila don su Malam Iro sun riga sun san abin da akuyarsu ta yi, tuni kawai kika yi musu. Kawu kuwa bai san komai ba, kuma abin da nake so ya gani ido ba ya ganinsa. To in haka ne, yaya ake dama maganar da mutum bai taɓa jin irinta ba? Nan ne ban ji kin faɗa ba, ko kin faɗa ina wasa.

Na koma wurin Farfesa na kwashe labarin na gaya mata, ina jiran ta ba ni wata dabara. Ta yi dariya har da share ido. Ta ce ita rubutu take koyarwa, kuma da kawunta ne ya miƙo mata kofin, ita ma da ta sha. Na fito ofishinta kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga.

Akwai kuma tambayar da ban kai wa kowane malami ba, don ina tsoron amsar. Ladan nan da ake ta aika miki, yana isa kuwa? In yaro ya sha ya kwanta, me ake rubutawa, kuma a littafin wa? In na sa aka daina sha, na yanke miki abin da ke zuwa miki ke nan? Na san Allah ba Ya zalunci, na san niyya ake dubawa. Na sani a kai, amma zuciyata ba ta zauna ba. Ina kewarki, Innata. Da kina nan da kin gama wannan magana tun kafin shayi ya huce, kuma da ba wanda zai ji an ci masa fuska.

Jiya da hantsi na shiga wurin Maryama duba yarinyar. Ta rame, idanunta sun faɗa. Muna hira sai Maryama ta ce mini tun ranar da ta gan ni ina ɗibar ruwan a kwalba gabanta ya faɗi, ta fara tafasa na yara. Amma da ta ga na sha a gaban Kawu sai hankalinta ya kwanta, ta daina. Ta faɗa tana murmushi, kamar mai yi mini godiya. Ashe duk unguwa abin da ake faɗa ke nan: Dakta da kanta ta sha.

Duk rubutun da na yi, Inna, babu wanda aka karanta kamar kofin nan.

Ban tuna bita ba, ban tuna fura ba. Na ce mata ta tafasa, yau ɗin nan, kuma ta kai yarinyar asibiti. Ta dube ni ta tambaya, to me ya sa na sha? Na ce kunyar Kawu ce. Ta tashi ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta ce ai ita ma da ta sha. Shekaru ina koyon bayani, kuma wannan ne bayanin farko da na yi aka gane tun ban rufe baki ba. Ban san ko darasi ne ko dace ba.

Kawu ya aiko in zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Yaya Habibu zai zo, liman ma an ce zai leƙo. Na rubuta abin da zan faɗa na goge ya fi a ƙirga. Ina so in ce rijiyar ba ta mutu ba, ana iya wanki da alwala, ana iya gyara, ana iya tafasawa. Ban san da wanne zan fara ba, ban san ko in fara da gaisuwa mai tsawo ko gajera ba. Abu ɗaya na tabbatar: za a kawo ruwa, don ba a taɓa shiga gidan Kawu ba a kawo ba. Zan karɓa da hannu biyu kamar yadda kika koya mini. Sannan zan ajiye shi a ƙasa, a gaban kowa, in bar shi cike. Abin da zai biyo baya, Allah Ya sani.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, ruwan da babu abin dubawa a cikinsa. Allah Ya ba 'yar Maryama lafiya. Allah Ya sanyaya zuciyar Kawu, Ya kwance mini harshe a gabansa. In da wani lada a kofin da zan ƙi sha, ina roƙon a rubuta miki shi.

Ki yafe mini, Inna. Ban taɓa mayar da abin da ya fito daga gare ki ba, sai wannan karon.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu