Malfunan Kaboyi Ashirin da Huɗu

Congo-Russia, Jos
18 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Firisila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Joshua da jikokina. Yaya zafin Abuja? Mu nan sanyi ya fara shigowa, gwiwoyina sun riga kowa samun labari.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba kya bari in kai aya. Da na buɗe baki sai ki ce in tattara in dawo wurinku, wai tun rasuwar mamanki ba mai kula da ni. Na san ƙauna ce ke sa ki. Amma wa zai yi wa yaran cocinmu kayan kaboyi na zagayen Kirsimeti? Shekara talatin da ɗaya ke nan ni nake yi, wasu da na fara ɗinka wa yanzu 'ya'yansu nake aunawa.

Bana sai da aka so a ƙwace mini. Cletus, sabon shugaban matasa, ya tashi a taro ya ce a sayo malfunan roba a kasuwar Terminus a huta, wai Baba Datong ya gaji. Na gaji mana, amma ni ya kamata in faɗa, ba shi ba. Na tuna musu cewa kwali kyauta ne, buhu ma kusan kyauta ne, kuma iyayen yaran nan da ƙyar suke haɗa shinkafar biki. Fasto ya ce a bar mini na wannan shekarar a gani.

To ga sharaɗi tsakanina da ke. In na fitar da yaran nan lafiya, ki ƙyale ni a Jos. In na kasa, ki zo da mota, ba zan yi gardama ba.

Abu ɗaya ne sabo: bana an sa 'yan mata, abin da ba a taɓa yi ba. Cikin yara ashirin da huɗu, sha biyar mata ne. Tun Lahadi na auna kan kowa da tef na rubuta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki gai da mutanen gidan duka.

Babanki,
Datong

Congo-Russia, Jos
12 ga Disamba

Firisila 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya tarin ƙaramar? Man zafin da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya yi miki albarka.

Aiki ya yi nisa, ni ma na yi laushi. Falmaran duk na gama. Buhun algarara na wanke na yanka, na tsefe bakinsa ya yi geza, kowane yaro kuma da jan ƙyallen ɗaurawa a wuya. Bindigar katako dai kin san mun daina tun lokacin rikici, igiya kawai za su rataya a ƙugu.

Malfar ce ke cin rai. Sai na jiƙa kwali, na yayyaga, na shafe shi da sitacin rogo, na yi ta liƙawa a gindin tukunya hawa-hawa har ya yi kauri. In ya bushe in cire, in haɗa masa baki mai faɗi, in lanƙwasa gefe, sannan in goge da man takalmi ruwan ƙasa. Da tukwanen mamanki uku nake yi, babba da matsakaiciya da ƙarama. In malfa ta bushe kuwa ta bushe ke nan, ko allura ba ta ƙara faɗi. A da, a rana ɗaya nake fitar da huɗu. Yanzu in na yi biyu sai na jingina da bango ina sauraron bayana. Ɓera ya ci mini uku saboda sitacin, na sake.

Ba zan ɓoye miki ba, gidan ya yi shiru. Mamanki ce ke dama sitaci tana yi mini tsiya, wai na mayar mata da kicin Amurka. Yanzu hayaniyar da nake ji ta shagon Nkechinyere ce, mai kitson nan da ke jikin katangarmu. 'Yan mata sun fara layi a wurinta tun safe, dariyarsu har ta ishe ni.

Saura malfa biyar. Ki fara cire rai da zuwa da motar nan.

Babanki mai ƙaunarki,
Datong

Congo-Russia, Jos
28 ga Disamba

Ƙaunatacciyar 'yata Firisila,

Barkanmu da ganin Kirsimeti lafiya. Ina gaishe ku duka. Na ji muryarki da kika kira kina murna, kin ce kin ga bidiyon zagayen, kin yarda na ci sharaɗi. Amma abin da zan faɗa ba ya faɗuwa da baki, shi ya sa na rubuto.

Ranar Kirsimeti bayan sujada na baje kaya a bayan coci, kowace malfa da sunan mai ita a ciki. Maza tara suka sa, ta zauna musu daram. Da aka zo kan mata, ko ɗaya ba ta shiga ba. Kowacce ta sha kitson biki da ƙarin gashi, wasu har gadon baya, wasu an naɗe musu shi a tsakar ka. Malfar sai ta ɗare can sama kamar faifai a bakin tulu. Ni a Nuwamba na auna, lokacin kowa na da ɗan kitson makaranta. Shekara talatin da ɗaya kan maza nake aunawa, su kuwa aski suke yi wa biki, kan ma raguwa yake. Sati biyu yaran nan suna wucewa ta ƙofata zuwa wurin kitso, ina kallonsu, har tsaki nake yi, bai taɓa faɗo mini a rai ba. Da mamanki na nan da tun ranar awo ta yi mini dariya.

Ƙaramar cikinsu ta fara kuka, masu ganga suna jira. Ni kuwa na tsaya riƙe da malfa, kaina ya ƙulle, ban san ta inda zan fara ba.

Nkechinyere ce ta karɓi almakashi a hannuna. Ta tsaga bayan kowace malfa, ta fito da kitson ta wurin, ta ɗaure tsagar da ragowar jan ƙyalle. Rabin awa ba ta cika ba ta gama sha biyar, ni nawa miƙo mata kawai. Abin da kika gani ke nan a bidiyo, kitso na lilo a baya har unguwar Kwararafa mutane na tafa musu. Da muka dawo Fasto ya yaba sabon salon Baba Datong a gaban jama'a, Cletus ya riƙe hannuna da hannu biyu. Nkechinyere na gefe tana tafa mini. Na karɓi yabon, Firisila, kamar nawa ne, kuma kunyar wannan ta fi ta kuskuren ci mini rai.

Jiya na je na gaya wa Fasto gaskiya, na ce baɗi Nkechinyere za a ba aikin, na kuma zauna na nuna mata yadda ake dama sitaci. Kuskure kowa na yi, ba shi ya karya ni ba. Tsayuwar nan da na yi ce, yara na kallona hannuna ya ƙi motsi.

Saboda haka ban ci sharaɗi ba. Ki zo bayan sabuwar shekara. Kayana ba su da yawa, akwati ɗaya ne da hoton mamanki. Keken ɗinkina kuwa Nkechinyere zan bar wa, kada ki wahalar da Joshua wajen nema masa wuri a mota.

Allah ya kiyaye hanya.

Babanki,
Datong