Dutsen da Muke Wanki a Kai

Nallikkudi,
12 ga watan Sittirai, watan farko na shekararmu.

Zuwa ga ƙanena Arivu,

Bayan gaisuwa mai yawa, Tambi, kamar yadda na saba kiranka tun kana ƙarami, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Kodai da yara a can Penang. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya raba ka da ciwon bayan da kake ɓoye mini a waya. Mu nan da sauƙi. An shigar da shinkafa, ko da yake ba ta kai ta bara ba, saniyar Inna Ponni ta haihu, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Na zaɓi takarda ne don in na ɗauki waya kuka zai riga ni magana, na kuwa gaji da kuka.

Ka san rigimar da muka gada da gidan Tangavelu. Duk shekara ranar bikin haikali babban namijin gidanmu ake fara naɗa wa ƙyallen alharini a ka, don mu ne jikokin hakimi Sendan Vilavan na ɓangaren sarakunan Chola, mu ke zuba wa fitilar haikali man shanu. Su kuma kullum su ce kakansu Kadan Arasan, mutumin sarakunan Pandya, ya riga namu a garin nan. Sarakunan sun yi shekaru aru-aru a ƙasa, mu muna nan muna taya su faɗa a kan ƙyalle kamu biyu. Bana Tangavelu ya kai ƙara gaban dattawan haikali. Yayanmu Sokkalingam kuwa ya bugi ƙirji ya ce a je a karanta rubutun bangon haikali mana, ai ƙanwarsa ta iya tsohon rubutu. Da bakinsa ya jawo ni ciki.

Kwana tara na yi a jikin bangon arewa cikin rana, in jiƙa takarda in manna, in yi ta bugu da burushi har ta shiga ramin kowane harafi, sannan in shafa tawada. Abin da Baba ya karanta mana muna yara yana nan: sunan Sendan, sunan Kadan, maganar kisa da muka ɗauka Sendan ne ya yi nasara a yaƙi, sai tumaki casa'in don man fitila. Amma layukan sun ƙi haɗuwa. Ashe maginan da suka sake ɗora bangon a zamanin kakanmu ba su iya karatu ba, sun jera duwatsu yadda ya yi musu daidai, ɗaya ya yi saura suka kai shi wani wuri. Na same shi a matakala ta uku ta tafkin haikali. Ka tuna dutsen nan mai kaushi da mata ke rububi don yana fitar da dauɗa? Kaushin nan haruffa ne. Ni da nake taƙama da karatu, shekara arba'in ina bugun wanki a kansa ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

To, allura ta tono garma. Babu wani yaƙi, Tambi. Dutsen ya ce Kadan ya riga ya bar Pandya, shi da Sendan sun yi rantsuwa a haikalin nan cewa maƙiyin ɗaya maƙiyin ɗayan ne. Suka fita farautar aladen daji, kibiyar Sendan ta sami Kadan. Dattawan gari suka yanke cewa ba da gangan ba ne, amma Sendan zai riƙa kunna fitila domin mamacin muddin akwai rana da wata. Fitilar da muke ɗaga kai da ita ta neman gafara ce.

Yaya na fara kai wa labarin. Ya daɗe yana kallon takardar, duk da bai san ko harafi ɗaya na tsohon rubutun ba. Can ya ce haba Senbagam, wa zai karanta wannan rubutun tsutsa in ba ke ba? Wai sabulu ya cinye rabi, in bar masa sauran rabin ya ƙarasa. Ya ce shi ba ƙarya ya ce in yi ba, shiru ya ce in yi. Sai ya ɗaga hannun nan nasa da ya shanye da ɗaya hannun, ya ce in duba, biki nawa nake jin ya rage masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tausayinsa. Kwana uku ina juya maganar. Amma shekara talatin na yi a aji ina ja wa yara kunne a kan satar amsa, ban san da wane baki zan tsallake layi a gaban dattawa ba.

Ranar zaman dattawa na karanta duka. Tangavelu yana ta murza gashin baki har na iso inda kakansa ya juya wa Pandya baya, sai ya miƙe wai tabarau ɗina ne ya tsufa, a nemo wani mai karatun. Aka zaunar da shi. Dattawa suka ce daga bana gidan mamaci za a fara naɗa wa ƙyalle, hidimar fitila kuwa tana nan a kanmu. Ranar biki Yaya ya kulle ƙofa ya ƙure rediyo. Tun daga ranar bai ce mini uffan ba, abincin da nake aika masa a rufe yake dawowa. An ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ni na tsufa da irin wannan saɓani, ƙarfina ya ƙare.

Shekaranjiya malamin haikali ya zo ya same ni. Ya ce Yaya ya koma kai man shanu da safe, da kansa, yana dogara sanda. Wai ya tsaya gaban fitilar ya kasa zubawa, ya ce shekara hamsin yana kiran sunan Sendan, wanda ba shi ne mai ita ba, a je a tambayo masa malamar can cikakken sunan mamacin har da na ubansa, yadda dutse ya faɗa. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, amma sai da ya aiko mutum. Na rubuta masa da manyan haruffa saboda idonsa. An ce takardar tana aljihunsa, ya kuma zuba man. Kwanon dai jiya ma a rufe ya dawo.

Abin da nake roƙonka, ka kira shi. Kada ka ambace ni, kada ka ba ni gaskiya. Ka tambaye shi kawai ko ya ci abinci.

Ka gaishe mini da Kodai, da Malar da mijinta, da ƙaramarku Tenmoli. Inna Ponni tana gaishe ku baki ɗaya.

Yayarka,
Senbagam