Ɗoɗɗoyar Habi ta Shinaka

Wurno,
9 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ɗiyata Mashkura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara a nan Rabah. Mu ma muna nan lafiya, alhamdu lillahi.

Na ji labarin da ƙanenki Lukman ya ba ki, kuma akwai kuskure a ciki. Ba akuya ta cinye shukar ba. Ni na tumɓuke ta da hannuna. Akuya daga baya ta zo.

Ga yadda anka yi. Kin san Habi, dattijuwar da munka saukar a ɗakin baya sadda 'yan bindiga sunka tashe su daga Shinaka. Ashe ta taho da ɗoɗɗoya cikin gwangwani, tsatson wadda uwarta ta shuka, ta dasa a bakin fangalin albasata. Da na ga ta ɓata mini layi, na ɗauke ta ciyawa, na cire na jefar a juji. Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona!

Habi ba ta yi faɗa ba. Ta dai gaya mini da ganyen wannan tsatso ake wa kowane jaririn gidansu wankan farko, ga surukarta Sauda da cikin wata bakwai. Na ce in sawo wata a kasuwa, ta tambaye ni mi ta kasuwa ta sani game da su.

Ban tsaya sa hula ba na nufi juji, na ƙwace rassa biyar a bakin akuya. Na jera su cikin kwalaben ruwa a tagata, ina auna saiwa kowace safiya. Uku sunka ruɓe. Biyu sunka kama, a kwana na goma sha ɗaya. Na dasa su, na yi wata biyu ina ban ruwa.

Ran Talata Sauda ta sauka lafiya, an samu mace. Habi ta tsinki ganyen da kanta, ƙamshi ya cika gidan, tana guɗa tana hawaye. Lukman ya ce ni ma na yi kuka. Wannan kam bai yi kuskure ba.

Tare da wasiƙar ga na aiko miki da albasa kwando ɗaya, da hoton jaririyar, da reshe guda mai saiwa. Habi ta ce a ba ki, don tsatson da ke gida ɗaya kaɗai bai tsira ba tukuna. Ki ɗaure akuyarki, ki kuma gargaɗi maigidanki.

A gaida kowa da kowa.

Mahaifinki,
Sa'adu Isa Wurno